Wanda Ya Dafa Buzun Malam

Gubuchi, ranar Litinin

Zuwa ga ɗana, Alhajin Ikara,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da surukata da yara da kasuwar barkono. Yaya ciwon bayan nan naka? Na sha gaya maka ka bar ɗaga buhu tun da kana da ma'aikata, amma kai tun kana ƙarami kunnenka ado ne. Mu nan lafiya, mahaifiyarka lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Ka san na shiga halwa tun ranar Juma'a da la'asar. Kwana bakwai ne, ba na magana da kowa, ba kuma zan fito ba sai hantsin Juma'a mai zuwa. Ɗanka Zailani ne ke ajiye min kunu da dabino a bakin ƙofa, shi ya turo min labarin a rubuce ta ƙarƙashinta. Kada ka neme shi a waya, na sa an ɓoye ta. Takardar nan ita ce bakina.

Na san zuwa yanzu mai unguwa ya buga maka, na kuma san ya ƙara gishiri, don haka ga yadda abin yake. Jiya Lahadi bayan azahar wuta ta tashi a gonar rakenka ta fadama, daga wajen bukkar mai gadi. Busasshen ganye ya yi yawa, ga iska. Kafin mutane su kai da guga ta cinye fiye da rabi, raken nan da ake shirin matsewa a yi mazarƙwaila mako mai zuwa. Suhaib ɗan Ɗan'azumi, wanda ke maka gadi, yana barci a cikin bukkar. An same shi kwance a bakin rijiya, bayansa ya ƙone, hayaƙi ya shige masa ƙirji. Yana asibiti a Makarfi, har yanzu bai yi magana ba.

Masu zuwa kashe wuta sun ci karo da Ilisha, makaniken nan Kirista da ke gyara maka injin ban-ruwa, yana fitowa daga gonar a guje da jarkar fetur. Ba wanda ya tambaye shi komai. Wani ya ce ga shi nan, shi ke nan. Suka bi shi da sanduna da addunan sarar rake tun daga fadama har cikin gari. Bai nufi gidansa ba, don matarsa Lucia da 'yarsu suna ciki, bai so ya ja musu ba. Zaurena ya faɗo, ya zube ya dafa buzuna da hannu biyu. Mahaifiyarka ta fito da carbinta ta tsaya a bakin ƙofa. A nan sandunan suka tsaya.

Ka san dokar zauren nan tun zamanin mahaifina. Wanda ya shigo a guje ya dafa buzu ya shiga mafaka, ba a taɓa shi sai mai buzu ya zauna ya ji ta bakin kowa. Yaran yanzu a rediyo suke jin kalmar, wai masu neman mafaka a ƙasashen Turawa, sun ɗauka sabon abu ne. Alhali daga fakewa take. Ruwa ya tsuge maka a hanyar Makarfi, ka hango rumfar mai shayi, ka faɗa ciki. Kai ba ka tsaya sallama ba, shi ma ba ya tambayar ka ɗan wane ne, ko ka yi azahar ko ba ka yi ba. Sai ruwa ya ɗauke ake gaisawa. To, ɗana, ruwan nan bai ɗauke ba.

Saboda haka ga umarnina. Kada ka zo. Akwai mutum kusan arba'in a gindin darbejiyar ƙofar gida, abin da ya rage musu shugaba ne kawai. In ka sauko daga mota da fuskar nan taka da ta fi hajarka yaji, sun samu. Kada ka aiko kowa. Ka buga wa Ɗan'azumi ka jajanta masa, ka ce magana tana hannun Malam har Juma'a. Na rubuta wata takarda da wannan zancen, Zailani ya liƙa ta a ƙyauren zaure. Mai unguwa ya karanta wa jama'a, ya kuma shaida musu hannuna ne.

Yaron nan kuwa, Allah ya yi masa albarka. Na san kallon shaƙiyyi kake masa tun ranar da ya sa kwaɗo a butar ladan, da ranar da ya ɗinke hannun rigar mai unguwa ana gobe salla. Amma a gidan nan babu mai hankalinsa. Kuma a faɗi gaskiya, ya fi ka kyau nesa ba kusa ba sa'ad da kake shekarunsa.

Ka gaida kowa da kowa. Allah ya mayar maka da alheri, ya ba yaron mutane lafiya.

Mahaifinka,
Malam Muttaka Mai Buzu

Gubuchi, ranar Laraba

Zuwa ga ɗana, Alhajin Ikara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali, da fatan kun tashi lafiya. Ya haƙuri da asara? Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce zuman da ka aiko wancan watan ya yi rana, za ka ji dalili.

Amsarka ta iso jiya da yamma a hannun direban motar Ikara. Na ji daɗi da ka bi maganata ka zauna. Ka ce hannuna ya yi ƙuruciya, bakina kuma ya yi sauƙi fiye da yadda ka san shi. Halwa ce. Ka gwada kwana biyar a kan kunu da dabino ka ga yadda naka zai koma.

Ka kawo shawara a turo motar kaya ta ƙofar baya, a cusa Ilisha tsakanin buhunan barkono, a kai shi wajen danginsa ta Kudan har ƙura ta lafa. Da farko dai, mutumin da aka cusa cikin barkono atishawarsa za ta yi masa shela daga nan har Hunkuyi. Na biyu, abin da kake faɗa maɓoya ce, ba mafaka ba, kuma ba ɗaya suke ba. Maɓoya ita ce inda ba a san kana nan ba, ranar da aka sani ta ƙare. Ɓera ma yana da ita. Mafaka kuwa kowa ya san kana ciki, ana hango ƙafarka daga waje, amma kunyar mai wurin ta hana a miƙa hannu. In Ilisha ya ɓace yau, gobe kowa zai ce don shi ne ya gudu. Gidansa kuma ba shi da ƙafa, haka cocinsu da ke bayan kasuwa, haka sauran gidaje goma sha da ke zuwa cikinta. Ka san abin da nake nufi, ba sai na rubuta ba.

Jiya jami'an tsaro sun zo da mota. Suka dubi taku ashirin ɗin da ke tsakanin ƙofar zaure da titi, suka dubi jama'a, suka zauna da mai unguwa. Aka tsaya a kan cewa inda yake ya fi masa aminci har in fito. Sun bar mutum biyu a kan benci.

Yanzu ka saurare ni da kyau. Tafukan Ilisha duka biyu sun sale. Mahaifiyarka ta shafa masa zuma, mai kantin magani ya zo ya naɗe su. Ko loma ba ya iya ɗauka, Zailani ke ba shi a baki da cokali. Ka yi tunani, Alhaji. Mai ƙyasta ashana baya yake ja, me ya kai hannunsa cikin wuta? Wa ya fito da Suhaib daga bukka ya kai shi bakin rijiya, tun da ba da ƙafarsa ya je ba? Jarkar nan kuma an duba ta, cike take, murfinta a ɗaure. Mai unguwa ya shiga ya tambaye shi, ya ce ya je gyaran inji ne ya tarar da bukka tana ci, ya jawo yaron ta ƙafa, sannan ya tuna da jarkar da ke gefen inji, ya ɗauke ta don kada ta fashe. Har nan maganarsa a miƙe take. Da aka tambaye shi ko ya ga wani a gonar, sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Shirun nan shi ke cutar da shi. Na waje suna cewa in ba kai ba ne, to wane ne?

Lucia ta zo da rana da kwanon abinci, ta ratso ta tsakiyarsu, 'yarta Hephzibah tana riƙe da zaninta. Wani ya sa ƙafa ya tare mata hanya. Mahaifiyarka ta fita ba mayafi, ta kama hannunta ta shigo da ita cikin gida, ta ce duk mai son ya hana ta ya fara da tsohuwa. Tun daga nan suna ɗakinta. Bayan la'asar an jefo dutse sau uku a kan kwanon zaure. Ba a ga mai jifa ba. Ba a taɓa ganin mai jifa.

Na aika wa Ɗan'azumi 'yar takarda ina tuna masa wani abu. Shekara ashirin da biyar ke nan da ya fasa kan ɗan sarkin pawa a wajen dambe, mahauta suka biyo shi da wuƙaƙe. Kwana uku ya yi a kan buzun nan yana hawaye yana cin tuwon mahaifiyarka, kai kanka ka kai masa ruwan wanka. An ce ya karanta, ya ninke ta. Sannan ya ce wa Zailani, "Ka gaya wa Malam na ji. Amma wancan yaron ya tashi, nawa bai tashi ba." Zai jira Juma'a, iyakar abin da ya yi alkawari ke nan.

Ka tambaye ni, in ba Ilisha ba ne, wa nake zato. Ni da ke ɗaki a rufe? Wuta tana tashi daga guntun taba, tana tashi daga masu farautar gafiya. Allah ne masani. Kada ka sake yi min wannan tambayar.

Ka sa mu a addu'a, mu ma muna sa ku.

Mahaifinka,
Malam Muttaka Mai Buzu

Gubuchi, ranar Alhamis

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya kai da iyali. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, direba yana jira.

Jikin Suhaib ya tsananta, yau da safe an wuce da shi Zariya. Numfashi ne ke ba shi wuya. Kafin azahar dangin mahaifiyarsa suka iso daga wajen Hunkuyi, babur goma sha ɗaya, kowane da goyo. Waɗannan ba su yi karatu a zauren nan ba, ba su taɓa cin tuwon gidan nan ba, ba su san buzu da komai ba sai fatar rago. Ɗaya daga cikinsu ya yage takardar da ke jikin ƙyaure, ya ce su ba su zo karatu ba. Ɗan'azumi ne ya tsawata masa, ya tsince guntayen da hannunsa ya miƙo cikin gida. Amma muryarsa ba ta da ƙarfin jiya.

Na gaya maka kunya ce katangar mafaka. Abin da ban yi lissafi da shi ba, za a iya kawo mutanen da ba su jin kunyarmu.

Ga abin da suke faɗa a fili. Gobe in an sauko daga masallacin Juma'a, jama'a ta taru, za su ji ta bakina. In na miƙa shi, to. In ban miƙa ba, za su shiga su ɗauka. Mutum biyu a kan benci ba za su tare masallaci guda ba.

Ilisha ya bar cin abinci. Ɗazu ya sa Zailani ya zauna da alƙalami, ya dinga faɗa masa injin wane yana shagonsa, na wane an gama, na wane saura a ɗaura bel, don a mayar wa kowa nasa. Ya ce akwatin kayan aikinsa a ba ƙanin Lucia. Mutum ba ya irin wannan jawabin in yana sa ran komawa shago.

Shi ma Zailani ban gane masa ba. Mahaifiyarka ta ce kwana huɗu bai ɓoye mata takalmi ba, bai kira ta amaryarsa ba, har ta tambaye shi ko ya sake ta ne. Bai yi dariya ba.

Ina da tambaya ɗaya, ta ilimi ce kawai, irin wadda ake yi wa ɗalibi. Da za a wayi gari a ga mai laifin na gida ne, jininka, kuma ba da gangan ya yi ba, me za ka yi? Ka ba direba amsa ya dawo da ita yau, ko da magariba ce.

Mahaifinka,
Malam Muttaka

Gubuchi, Juma'a bayan sallar asuba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan ka tashi lafiya, kai da iyali, ina sanar da kai amsarka ta iso jiya da magariba.

Na sa alƙalami zan rubuta "ɗana" kamar sauran, hannuna ya ƙi.

Baba, ina kwana. Ina Umma, ina ƙannena? Ba Malam ba ne. Tun ranar Litinin ba shi ba ne. Shekara shida ina rubuta masa alluna da layu, na iya hannunsa har mai unguwa ya rantse a kai. Kai kaɗai ka ce ya yi ƙuruciya. Takardar ƙyaure ni ne, ta Ɗan'azumi ni ne, labarin damben a bakin kakata Inna na ji shi. Wayata ba wanda ya ɓoye, ni na tura ta cikin rumbu. Duk kwanakin nan Malam bai san komai ba. Ɗakin halwa yana can bayan garka, takarda ɗaya tak ya turo ranar Litinin, yana tambayar hayaniyar me yake jiyowa. Na rubuta masa cewa 'yan kallon ƙwallo ne.

Ni na sa wutar.

Ranar Asabar Suhaib ya zuba min ƙaiƙayi a riga ina wanka a rafi, na yini ina susa, samari suna dariya. Na ce sai na rama. Ranar Lahadi na san zai yi barcin rana a bukka. Na ɗauki kasko, na roƙi garwashi wajen mai ƙosai, na ɗebi barkono a buhun da ka aiko wa Inna. Na ajiye kaskon a ƙofar bukka, na zuba barkonon, na shige cikin rake na laɓe ina jiran ya fito yana atishawa yana zagina. Har na shirya abin da zan ce masa. Iska ta kaɗa, tartsatsi ya faɗa cikin ganye a gindin zana. Na fito na buga da rigata, wutar ta kama rigar. Na kira sunansa sau biyu bai amsa ba. Sai na gudu, Baba. A bakin gona na yi kiciɓis da Ilisha yana shigowa da akwatinsa. Muka haɗa ido. Ni na yi wajen gari, shi ya jefar da akwatin ya yi wajen bukka.

Da na ga ya faɗo zaurenmu, na san abin da ya kamata. In je in buga wa Malam ƙofa, don ran mutum ya fi halwa, shi da kansa ya koya mana. Amma ka san Malam. Zai dube ni, ya yi tambaya ɗaya, ni kuwa ban taɓa iya yi masa ƙarya ido da ido ba. A takarda na iya. Na ce wa kaina ina kare Ilisha ne, kuma Allah ya sani ban so a taɓa shi ba. Amma na yi ta lissafin cewa Suhaib zai farka ya ce barci yake bai ga kowa ba, a ce ƙaddara ce, kowa ya watse, ni ma in tsira.

Ranar Laraba ina ba Ilisha kunu a baki, na kasa daurewa, na tambaye shi me ya hana shi faɗa. Ya haɗiye, ya dube ni. Ya ce, "In na faɗa, kai za su jawo waje. In kakarka ta tare ƙofa kuma, za su ce jikanta take karewa, ba wanda zai ji kunya. Ni baƙo ne, buzun ya fi riƙe ni." Sannan ya ce, "Amma Zailani, ina da 'ya." Bai ƙara ba. Na goge masa baki na fita. Kwana biyu ke nan ina ɗauke da wannan maganar, kuma duk da haka na sake zama na rubuta maka da sunan Malam.

Amsarka ta jiya ce ta karya ni. Na san ba don idona ka rubuta ta ba, ka yafe min karanta ta. Ka ce rake ba komai ba ne, daga gindi yake sake tsirowa. Ka ce ranar Lahadi da mai unguwa ya buga maka, kafin ka tambayi gona sai da ka tambaya ko yaron nan, wato ni, yana fadama. Ka ce shekara ashirin ba ka taɓa kama sunansa ba, ba ka taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, saboda kunyar ɗan fari, kamar yadda Malam bai taɓa kama naka ba. Ka ce tun da aka kawo shi Gubuchi da yaye, duk hular sallar da ake ce masa kakarsa ta saya, kai kake aikowa. Ina da su, Baba, har waɗanda suka yi min kaɗan. A ƙarshe ka ce in na gida ne, kada a bar baƙo ya ɗauki kayan ɗan gida.

Yau da aka idar da asuba na je na buga ƙofar halwa, saura sa'o'i kaɗan ta cika. Malam ya buɗe. Na durƙusa na faɗi komai, na miƙa masa amsoshinka da guntayen takardar ƙyaure. Ya sa na maimaita masa abin da na rubuto maka, har da na kunnenka ado ne. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce zancen mafaka da maɓoya daidai ne, bai san ina saurare ba sa'ad da yake faɗa wa manyan ɗalibai. Sai ya ce, "To kai kwana biyar ɗin nan a wacce kake?"

Na san amsar. Na ɓuya a bayan hannun Malam, na ɓuya a bayan shirun Ilisha. Mutumin da na ce mun ba mafaka, ashe shi ya rufe ni da hannuwan da suka ƙone.

Malam ya tafi zaure ko takalmi bai sa ba. Ya durƙusa gaban Ilisha, ya riƙe shi a wuyan hannu tun da tafin ba ya taɓuwa, ya roƙe shi gafara a madadin gidan nan. Ya aika a kira mai unguwa da Ɗan'azumi da jami'an nan biyu ƙarfe goma sha ɗaya, tun kafin a tafi masallaci. Ni zan tsaya a ƙofar zaure in faɗa da bakina, kowa yana ji, har mutanen Hunkuyi. Daga nan Ɗan'azumi da kansa Malam zai roƙa ya raka Ilisha da iyalinsa gida. Wurin da Ilisha ya tashi a kan buzu, nan zan zauna, har hukuma ta ga yadda za ta yi da ni. Suhaib bai farka ba tukuna. Abokina ne tun muna kan allo ɗaya. In Allah ya tashe shi, ya zuba min ƙaiƙayi kullum har in mutu.

Malam ya ce in rubuto maka da hannuna, ba da nasa ba. Ga shi, ka ga ya fi muni. Ina kuma jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ilisha ya yi gaskiya, buzun ba zai riƙe ni kamar yadda ya riƙe shi ba. Malam kakana ne, Inna kakata ce, duk wanda ya tare ƙofa za a ce nasa yake karewa. Kai ne aka ƙona wa gona. Kai kaɗai ne in ka tsaya, ba mai cewa ba ka yi asara ba.

Ka yafe min kiranka ɗana har sau uku, da abin da na ce game da fuskarka. Maganar na fi ka kyau kuwa ban janye ba, Inna ce shaida.

A takarda ta farko na ce kada ka zo. Yanzu ina roƙonka ka zo. Na ba ɗan acaɓa wannan, na ce kada ya tsaya ko'ina sai shagonka, in ka hau bayansa za ku iso kafin lokaci. Ba na neman ka ce ban yi ba, na yi. Ba sai ka dube ni ba, ba sai ka kama sunana a gaban mutane ba. Ka tsaya kawai a bakin ƙofar zaure, inda kowa zai san ina bayanka.

Ni ne na rubuta duka huɗun,
ɗanka na fari,
Zailani